Kogin da ke motsi cikin hoto

Yara, ku dubi hoton nan da kyau. Wani Bafaranshe mai suna Kulod Mone ne ya zana shi da fenti wajen shekarar 1872. Sunan hoton da Faransanci *Régates à Argenteuil*, wato tseren jiragen ruwa a Arjantoy, wani gari na bakin kogin Sen, kusa da birnin Pari. A garin nan Mone yake zaune a lokacin.

Me kuke gani? Ga sama shuɗiya. Ga ƙananan jirage masu fararen ƙyallaye, iska tana tura su. A hannun dama akwai gidaje masu jan rufi a tsakanin koren itatuwa.

To, yanzu ku mai da ido kan ruwan, don a nan ne aikin yake. Mone bai shafe kogin da launi ɗaya ba. Ya ɗebo fenti da buroshi, ya yi ta ajiye gajerun layuka a kwance: nan fari, nan shuɗi, can ja, can kore. Bai gauraya su ba. Farin inuwar ƙyallen jirgi ne, jan kuma inuwar gida ce a cikin ruwa. In kun matso da hoton dab da ido, sai ku ce dabbare-dabbare ne kawai. Amma ku ja baya kaɗan. Sai launukan su haɗu, ruwan ya soma rawa, hasken rana yana wasa a kansa. Mai kallo ya kan ji kamar yana gaɓar kogi ran hutu, iska mai daɗi tana kaɗawa, hankalinsa kwance.

Don me ya yi haka? Haske ba ya jira. Da girgije ya gitta, launin ruwa ya sake. Shi ya sa Mone ya kan fita waje da kayansa, ya yi aiki da hanzari. Har ɗan jirgi ya mallaka, yana zane a cikinsa.

Da farko an raina irin wannan aiki. A 1874 wani ɗan jarida ya yi wa Mone da abokansa ba'a, yana ganin hotunansu ba su ƙare ba. Yau wannan hoto yana gidan adana zane na Orse, a Pari.

In kun bi ta bakin tabki da hantsi, ku tsaya ku dubi inuwar itace cikin ruwa. Launi nawa kuka ƙirga?