Ko Ka Sani? Ƙudan Zuma Ne Ya Sa Ake Auren Itace

Mai lambu a Nahuce ko Bunguɗu kan sha mangwaro mai daɗi, ya binne ƙwallon, ya yi shekaru yana ban ruwa, sai itacen ya haifo masa 'ya'ya masu tsami da zare. Galibi ƙasa ake zargi, alhali aikin ƙudan zuma ne da sauran ƙwarin da ke bin fure. Garin neman ruwan zaƙi, ƙudan kan kwaso garin furen wani itace a gashin jikinsa, ya goga wa furen wani. Ƙwallon da ya fito yana da uwa sananniya, amma uban sai Allah. Naman da aka sha na uwa ne, abin da aka shuka kuwa gaurayen biyu ne.

Kan wannan Thomas Rivers ya gina sana'arsa. An haife shi a Sawbridgeworth ta Ingila a 1798, ya karɓi gandun renon itatuwa na gidansu a 1827, ya wallafa littafinsa kan furen wardi, The Rose Amateur's Guide, a 1837. Yakan shuka iri da yawa, ya jira, ya zaɓi ɗaya da ya fita daban. Daga nan ya bar iri, ya koma wuƙa: a yanko ido ko reshen zaɓaɓɓen a ɗaura wa wani tushe, wato auren itace, domin reshe ba ya canza hali. Har Charles Darwin ya riƙa rubuto masa wasiƙu yana tambayar abin da ya lura da shi.

Wani zai ce ai mangwaron gida tun kakanni da ƙwallo ake shuka shi, kuma yana fitowa sak. Gaskiya ne, sai dai ƙwallonsa kan fitar da tsiro fiye da ɗaya, yawancinsu daga jikin uwa kai tsaye, ba ruwansu da baƙon gari. Mangwaro irin su Julie da Kent tsiro ɗaya tak gare su, shi ne kuwa wanda ƙwaro ya sa wa hannu, shi ya sa sai an yi musu aure. Wanda kuma ya ce to a yi wa ƙwarin feshi a huta, ya sani furen da ƙwaro bai taɓa ba yawanci kakkaɓewa yake yi, ba ya zama ɗa.