Ciwon Damuwa a Asibitocinmu: Yana Kan Layi, Yana Bayan Tebur

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen ganin likita ya san irin wannan majinyaciya. Katinta ya cika da rubutu. Ta ce kanta na zafi, wani abu na mata yawo a jiki, gabanta na faɗuwa, barci ya ƙaurace mata. An gwada jini an ba ta maganin maleriya, an sake gwadawa an ce taifot ne, an rubuta na olsa. Bayan sati uku ga ta ta dawo. Babu wanda ya tambaye ta rabon da ta ji daɗin wani abu, ko halin da take ciki a gida.

Masu bincike sun daɗe da sanin wannan. A farkon shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani nazari a asibitocin ƙasashe 14, har da na Ibadan. Sakamakon da aka wallafa a 1999 ya nuna kashi 69 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar suna da ciwon damuwa ba su kai wa likita kukan komai ba sai na jiki. Kuma ba ƙarya suke yi ba. Ciwon yana hana barci, yana toshe cin abinci, yana kashe jiki, mutum kuwa abin da yake ji shi zai faɗa.

A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci bincike kan mutum 4,984 a jihohin da ake jin Yarbanci, aka wallafa shi a 2006. Kashi 12 cikin ɗari sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, cikin waɗanda larurar ta yi wa tsanani har ta hana su harkokinsu, kimanin kashi 8 cikin ɗari kawai suka samu magani a cikin shekara ɗaya kafin binciken. An yi wannan ƙidaya a yankin da babu yaƙi. A wuraren da ake rikici, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mutum ɗaya cikin biyar ne ke da irin wannan larura. Sai mai karatu ya tuna da Borno da Zamfara.

Ana yawan cewa mutanenmu ba sa yarda da asibiti a wannan fanni. Binciken da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano suka yi a garin Karfi, wanda ya fito a 2004, bai goyi bayan haka gaba ɗaya ba. Cikin mutum 250 da aka tambaya, kusan kashi ɗaya cikin uku sun ɗora taɓin hankali a kan shaye-shaye, wasu suka ce ƙaddara ce, wasu sammu ko aljanu. Amma da aka zo batun magani, kashi 46 cikin ɗari asibiti suka zaɓa, kashi 34 suka zaɓi addu'a da ruƙiyya. Ashe akwai masu son zuwa. Abin tambaya shi ne wa za su tarar, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware sun yi wa mutumin ƙauye nisa.

Wanda za su tarar ɗin shi ma ba lallai ne yana da lafiya ba. A 2015 an tattara bincike-bincike kan likitoci masu neman ƙwarewa sama da 17,000 a ƙasashe daban-daban, aka samu kusan kashi 29 cikin ɗari da alamun ciwon damuwa. A farkon annobar korona, an tambayi ma'aikatan lafiya 1,257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin: rabinsu na da alamun damuwa, ɗaya cikin uku ba ya iya barci. Mu namu ba sai annoba ta zo ba. Nas ce ita kaɗai a aikin kwana da ɗaki cike da marasa lafiya, an ɗauke wuta, tana neman jijiyar jariri da fitilar waya. Kafin asuba ta sanar da wata uwa rasuwar ɗanta, ta rubuta rahoto, ta koma gida ta ɗora girki. Abokan aikinta sun tafi Ingila da Saudiyya, aikinsu ya dawo kanta. In ta ji ta kasa, wa za ta gaya wa? Likitan ƙwaƙwalwar abokin aikinta ne, tana tsoron kafin magriba zancen ya zaga asibiti. Ba na kare ma'aikacin da ke daka wa mai naƙuda tsawa, amma wanda aka tatse ƙarfinsa ba zai samu natsuwar sauraren wani ba, kuma wannan ciwo da saurare ake gano shi.

Hanyar gyara an riga an gwada ta. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa nas-nas da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su ba da maganin farko, su tura mai tsanani gaba. A 2020 kuma mujallar Lancet ta wallafa gwajin da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa kai magani ga majinyatan da ke kwance a wurin masu maganin gargajiya da na addu'a. Waɗanda aka haɗa musu hanyoyin biyu sun fi samun sauƙi. Ban ga abin da zai hana a yi haka da malaman ruƙiyya a Kano ko Zariya ba.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Kira na ga kwamishinonin lafiya na Arewa shi ne su horar da ma'aikatan waɗannan asibitoci, su kai musu magunguna, su kuma tanadar wa likita da nas wurin da za su nemi taimako a asirce.