Zaɓen Abokan Tafiya: Wa Za Mu Riƙe, Wa Za Mu Saki?

Duk inda muka zaga ƙungiyoyinmu na manoma bayan kaka, mukan tarar da irin wannan kuka. Wani ya tsaya wa abokinsa ya karɓi rancen taki, abokin ya sayar da takin a kasuwa, yanzu shi ake bi bashin. Wata ta zuba adashi wata shida, da zagaye ya zo kanta sai wadda ta fara kwasa ta daina zubi. Wani kuma kullum yana zuwa gayyar maƙwabcinsa, amma ran tasa gayyar sai maƙwabcin ya aiko cewa ba shi da lafiya. Tambayar da 'yan'uwa ke yi mana ita ce, ko daidai ne mai bi ya janye jiki daga wani? Muna so mu duba wannan magana tare.

Abin da ya sa zancen ke da nauyi

Zaman tare ba kwalliya ba ne, lafiya ce. A shekara ta 1938 aka soma wani bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, inda aka bi rayuwar maza 724, waɗansu ɗalibai, waɗansu kuma 'ya'yan talakawa na birnin Boston, tun suna samari har tsufansu. An ga cewa waɗanda suka fi jin daɗin zama da mutanensu sa'ad da suke da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai 80. An kuma ga cewa zaman faɗa kullum yana cin jiki. Watau ba yawan mutane ne ke taimako ba, sai dai irin zaman da ake yi da su.

Wani masani na Ingila, Robin Dunbar, ya nuna cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa ta sosai da fiye da mutum 150 ko kusa da haka, na jikinsa ƙwarai kuwa ba su cika wuce biyar ba. Manomi ya san dalili. Idan muka zuba irin gero da yawa a rami ɗaya, dole mu koma mu rage, mu bar biyu ko uku, in ba haka ba dukansu za su tsumbure. Lokacinmu da ƙarfinmu da hatsin rumbunmu duka suna da iyaka. Abin da muka kashe a kan abotar da ke cinye mu, daga bakin iyalinmu muka cire shi.

Yadda za mu auna

Ga tambayoyi huɗu da za mu yi wa kanmu a kan kowane aboki. Na ɗaya, idan ya yi alkawarin kuɗi, ko iri, ko ranar aiki, yakan cika? Na biyu, in ya kāsa, yakan zo da kansa ya faɗa, ko sai an yi ta nemansa? Na uku, bayan mun zauna da shi, mukan koma gida da salama, ko da fushi da aljihu wayam? Na huɗu, me matanmu ko mazanmu ke faɗa a kansa? Sau da yawa na cikin gida sun riga mu gani, gama mugun aboki kamar wuta-wuta yake. Tana kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tun da wuri, kafin furenta ya fito ta riga ta yi ɓarna.

Amma a nan sai mu yi hankali ƙwarai. Akwai bambanci tsakanin wanda ya kāsa da wanda ya ƙi. Gwauruwar da ba ta iya rama gayya, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da ɗan'uwan da ciwo ko fari ya karya, waɗannan ba masu cin mu ba ne, kayanmu ne da za mu ɗauka da murna. Wanda muke magana a kansa shi ne mai hali, amma ya mai da cuta sana'a.

Waɗanda ya kamata mu riƙe

Mu riƙe wanda yake faɗa mana gaskiya ko da ɗaci, kamar ma'ajin da ya hana mu rance na biyu kafin mu biya na fari. Mu riƙe maƙwabci mai amana, ko addininmu ɗaya ko ba ɗaya ba. Makiyayin da shekara da shekaru yana sauke shanunsa a gonarmu da rani, su ci karan, su bar mana taki, ya fi aboki goma na rumfar burukutu. Irin waɗannan ba a barinsu sai ranar bukata, gama zumunta a ƙafa take. A je gaisuwa, a je suna, a je jana'iza.

Yadda ake saki ba tare da gaba ba

Saki ba ƙiyayya ba ne. A Farawa sura 13, ƙasa ta yi wa dabbobin Ibrahim da na Lutu kaɗan, makiyayansu suka soma faɗa. Ibrahim ya ga gara su rabu, har ya bar Lutu ya fara zaɓen wuri. Amma a sura 14, da aka kama Lutu a yaƙi, Ibrahim ne ya tashi da mutanensa 318 ya ƙwato shi. Sun raba makiyaya, ba su raba jini ba. Haka Bulus da Barnaba suka rabu a kan Markus, a Ayyukan Manzanni sura 15, kowa ya kama hanyarsa. Daga baya kuwa, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus da kansa ya ce a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi.

Saboda haka mu bi mataki mataki, bisa ga tsarin da ke cikin Matiyu sura 18. Da fari mu same shi mu kaɗai, mu faɗa masa abin da ya yi, ba a kasuwa ba, ba kuma ta bakin wani ba. In bai ji ba, mu koma da mutum ɗaya ko biyu masu hankali. In har yanzu ya ƙi, sai a kai gaban shugabannin ƙungiya ko dattawan ikkilisiya. Bayan wannan muna iya rage hulɗa: mu ci gaba da gaisuwa da jaje, amma ba rance, ba lamuni, ba haɗa gona. Gafartawa wajibi ce a kanmu, amma gafarta wa mutum ba ta tilasta mu sake ba shi mabuɗin rumbu ba. Amana kuwa da aiki ake dawo da ita.

Iyaye da abokin aure ba a auna su da wannan mudu, sha'aninsu na bukatar haƙuri da shawarar dattawa. Sai dai inda akwai dūka ko barazana ga rai, kada kowa ya yi shiru da sunan haƙuri. A fita daga hatsari tukuna, a sanar da fasto da dangi, in ta kama har da hukuma.

Shawara ga ƙungiyoyi

Mafi yawan rigingimun nan ana iya tare su tun daga bakin ƙofa. Kada a karɓi sabon mamba sai mutum biyu sun shaide shi. A rubuta kowane rance a littafi a gaban shaidu, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Kada kowa ya tsaya wa wani a kan abin da shi kansa ba zai iya biya ba in ta ɓaci. A kuma rubuta hanyar da wanda aka dakatar zai bi ya dawo bayan ya biya.

A ƙarshe, kafin mu auna wani, mu fara auna kanmu da tambayoyin nan huɗu. Wataƙila akwai wanda yake kwana yana tunani ko ya riƙe mu ko ya sake mu. In akwai mudu ko ranar gayya da ake binmu, mu biya kafin ruwan shuka ya sauka. Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taro na gaba, a tattauna.