Tsummokin Da Suka Shiga Gidan Tarihi: Labarin Matan Gee's Bend Da Bargunansu

Daga Wakilinmu

A kudancin Amurka, cikin Jihar Alabama, akwai wani ɗan ƙauye wanda Kogin Alabama ya yi wa ƙawanya ta fuska uku, har ya zama hanya ɗaya tak ce ke shiga cikinsa ta tudu. A takardun hukuma sunansa Boykin, amma mazaunansa da duk wanda ya san shi Gee's Bend suke kiransa. Mutanen ƙauyen baƙar fata ne, jikokin bayi, kuma yawansu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Duk da haka barguna da matan wannan wuri suka ɗinka da tsummoki, don kawai su kare 'ya'yansu daga sanyi, yau suna rataye a manyan gidajen nuna kayan fasaha na Amurka, ana tsaronsu kamar yadda a ke tsaron zanen shahararrun masu zane na Turai.

Asalin sunan ƙauyen daga wani Bature ne, Joseph Gee, wanda ya kafa gandun auduga a wurin cikin 1816. A 1845 gandun ya koma hannun wani mai suna Mark Pettway, shi kuma da shekara ta kewayo sai ya taso daga Karolina ta Arewa da bayi kimanin ɗari, aka sa su suka tako da ƙafa har Alabama. Shi ya sa har gobe sunan Pettway ya fi kowane suna yawa a ƙauyen, ko da ya ke ba dangantakar jini ce ta haɗa dukkansu ba, sunan ubangidan kakanninsu ne suka gada. Da aka 'yanta bayi bayan yaƙin basasar Amurka wanda ya ƙare cikin 1865, yawancinsu ba su tafi ko'ina ba. Suka zauna suna hayar gonakin da a da suke nomawa a matsayin bayi, suna cin bashin iri da abinci a wurin 'yan kasuwa, in kaka ta yi su biya da auduga.

YADDA A KE HAƊA BARGON

A wancan zamani ɗakunan da suke ciki na itace ne, iska na shiga ta kowace kafa, har sai an manna tsofaffin jaridu a bango don rage sanyi. Sayen bargon kanti kuwa ba zancensa. Saboda haka kowace mace dole ta iya haɗa nata, kuma gida mai yara da yawa yana bukatar barguna masu yawa, don a kan jibga uku ko huɗu a kan gado ɗaya cikin hunturu.

Irin wannan bargo hawa uku gare shi. Akwai fuska, watau saman da a ke gani, wanda a ke haɗawa da ƙyallaye iri iri. Akwai ciko na auduga a tsakiya, sa'an nan akwai shafi a ƙasa. In an shimfiɗa ukun bisa juna, sai a bi su da allura da zare layi bayan layi, ɗinkin yana ratsa su duka. Amfanin wannan ɗinki shi ne ya riƙe audugar a wurinta, kada ta dunƙule gefe guda in an yi wanki. Wanda ya taɓa duban lifidi da kyau a ranar hawan salla ya riga ya san dabarar, domin ita ce dai: yadi sama, yadi ƙasa, ciko a tsakani, ɗinki ya ɗaure su.

A da, a Gee's Bend ba a sayen komai daga cikin waɗannan. Fuskar daga tsofaffin tufafin aiki ta ke fitowa, da guntayen rigunan mata masu zane. Shafin kuwa sau da yawa buhunan fulawa ne ko na takin zamani, a farke su a wanke. Cikon shi ne ragowar audugar gona da wadda ta zube a wurin gurza, a kawo gida a bubbuge ta har datti ya fita ta yi laushi, kusan yadda a ke shiɓa. Haɗa fuska aikin mace ɗaya ne, a ɗakinta, bayan ta dawo daga gona. Amma ɗinke hawa ukun aikin gayya ne: a ɗaure bargon a jikin katakai huɗu ya miƙe sosai, mata su kewaye shi suna ɗinki suna waƙoƙin coci, in an gama na wannan gida a koma na wancan.

Wajen tsara fuskar ne gwaninta ta ke. Masu wannan sana'a a sauran wurare na Amurka da Ingila sun saba bin littafin zane. A kan auna kowane ƙyalle, a bar rubu'in inci a gefe don ɗinki, a yanka murabba'i ko mai kusurwa uku daidai wa daida, a haɗa su gida gida, kowane gida tamkar ɗan'uwansa. Suna wanke sabon yadi kafin su yanka, don kada ya tsuke ko ya yi zuba bayan an gama aiki. Babbar ƙa'idarsu game da yadi mai zane ita ce kada a jera masu hayaniya kusa da juna: in an sa mai manyan furanni, sai a bi shi da mai ƙananan ɗigo ko wanda ba shi da zane sam, domin ido ya sami wurin hutawa. Haka kuma sun fi kula da duhu da hasken yadi bisa ga launinsa, saboda daga nesa bambancin duhu da haske ne ke fitar da siffar zanen.

Matan Gee's Bend sun san waɗannan tsare-tsare, suna kuma aiki da wasu daga ciki. Wanda suka fi so shi ne wanda suke kira "rufin ɗaki": a fara da ƙyalle murabba'i a tsakiya, a yi ta kewaye shi da dogayen tsiri, zobe bayan zobe, har bargon ya cika, ya fito kamar an hango rufin gida daga sama. Akwai kuma wanda a ke jera ƙyallayen hawa hawa kamar aikin magini. Sai dai su ba su ɗauki awo da muhimmanci ba. Da yawansu yaga yadin suke yi da hannu maimakon su yanka da almakashi, in tsiri ya gaza a ƙara masa wani ko da launinsu bai zo ɗaya ba, layi ya karkace a bar shi a karkace. Wanda bai sani ba sai ya ce kuskure ne, amma in ya ja da baya ya sake dubawa zai ga cewa jan ƙyalle guda da aka jefa a kusurwa shi ne ya tashi bargon duka. Har koɗewar tufa ma suna amfani da ita. Wandon aiki yakan yi fari a gwiwa, in kuma an cire aljihu sai a tarar da wurin yana nan da shuɗinsa na asali, to, waɗannan tabbai su ne adonsu.

Ɗaya daga cikin bargunan da aka fi ambata shi ne wanda Missouri Pettway ta haɗa cikin 1942, bayan rasuwar mijinta. Tufafin da ya ke zuwa gona da su ta tattara ta farke, ta yi bargo da su don ta riƙa lulluɓa. 'Yarta Arlonzia ce ta ba da labarin daga baya.

BASHI, JIRGIN FITO DA ƘURI'A

Wahalar da ta fi tsaya wa mutanen ƙauyen a rai ta auku cikin 1932. Farashin auduga ya faɗi warwas, ɗan kasuwar garin Camden wanda ke ba su bashi ya mutu, magadansa suka aiko aka kwashe dabbobi da kayan noma da abincin da ke rumbu. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ce ta ciyar da su a hunturun wannan shekara. Daga baya gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi ƙasar, ta gina musu gidaje, ta kuma sayar musu da gonakin da bashi mai sauƙi. Wannan ne ya sa suka zama masu ƙasar kansu, abin da ba kasafai baƙar fatan yankin suka samu ba.

Mallakar ƙasa ta ba su ƙarfin hali lokacin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, tun da ba mai iya korarsu daga gona. Camden ce hedkwatar gunduma, tana tsallaken kogi, kuma can a ke rajistar masu jefa ƙuri'a. Cikin 1962 hukumar gunduma ta dakatar da jirgin fito. Tafiyar 'yan mintoci ta koma ta kusan awa guda a mota, ga mutanen da yawancinsu ba su da mota. Jirgin bai dawo ba sai 2006, watau bayan shekara 44. Martin Luther King ya ziyarci ƙauyen cikin 1965, kuma da aka kashe shi a 1968, alfadaran Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a birnin Atlanta.

A cikin wannan hali ne wani limamin coci, Francis Walter, ya ga barguna a shanye bisa igiya, ya fara sayensu dala goma goma yana kai wa birnin Niyok a yi gwanjonsu, ribar ta komo wa matan. Daga nan aka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee cikin 1966 a Rehoboth, maƙwabciyar Gee's Bend, Estelle Witherspoon ce ta daɗe tana shugabancinta. Manyan kantuna irin su Bloomingdale's suka fara ba da oda.

To, a nan ne kasuwa ta nuna halinta. Kanti ba ya son bargo ɗaya wanda babu irinsa, so ya ke a kawo masa ɗari masu awo ɗaya da zane ɗaya da ɗinki mai kyau daidai, don abin da mai saye ya gani a littafin talla shi zai karɓa. Matan da hannunsu ya saba da tsara abin da ransu ya ba su sai suka koma bin awon da aka aiko musu. Cikin 1972 ƙungiyar ta sami kwangila daga kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matasai da wani yadi mai kauri, mai laushi, mai layuka kamar kunyoyin gona. Aikin ba wata fasaha a cikinsa, amma ya kawo albashi tabbatacce na shekaru da yawa ga matan da a da ba su san wani kuɗi ba sai na tsinkar auduga. Ba daidai ba ne wanda ke zaune a ofis ya raina wannan. Abin sha'awa kuma, guntayen da suka rage daga yankan matasan, masu ruwan zinariya da kore da ruwan lemo da ja, a kan ba ma'aikata su tafi da su gida. Da su aka haɗa waɗansu daga cikin bargunan da masana suka fi yabawa a yau. Ƙungiyar ta rufe cikin 2012.

WA YA CI RIBAR?

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga hoton wani bargo na Annie Mae Young an shimfiɗa shi bisa tarin itacen wuta. Ya bi sawu har ƙofar gidanta, daga nan ya shiga gida gida yana sayen tsofaffin barguna, waɗansu daga ƙarƙashin katifa aka zaro su. Cikin 2002 aka nuna su a gidan kayan fasaha na birnin Houston, sa'an nan a gidan Whitney na Niyok. Masu sharhi a manyan jaridu suka kwatanta su da aikin fitattun masu zanen zamani. A 2003 matan suka kafa sabuwar ƙungiya tasu ta sayar da barguna, a 2006 kuma Hukumar Gidan Waya ta Amurka ta buga kan sarki iri goma masu ɗauke da hotunan aikinsu. Bargon da a da a ke saye dala goma ya koma ana zancen dubban daloli.

Amma suna daban, kuɗi daban. Zanen bargunan ya bazu a jikin darduma da kayan gado da sauran kayan sayarwa, alhali gundumar Wilcox tana nan cikin mafi talauci a Alabama. Cikin 2007 waɗansu daga cikin matan, har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka kai iyalin Arnett ƙara, suna cewa ba a biya su haƙƙinsu yadda ya kamata ba. Waɗanda aka yi ƙara sun musa, da yawa daga cikin sauran matan ƙauyen kuma suka goyi bayansu, suna cewa kafin zuwan Arnett ba wanda ya ɗauki aikinsu a bakin komai. An kashe maganar cikin 2008 ba tare da an kai ga yanke hukunci ba. A ganina kowane ɓangare yana da abin faɗa, sai dai tushen rigimar a fili ya ke: mace ta sayar da bargo sau ɗaya a farashin ranar, ba ta kuwa san cewa zanen da ke jikinsa wata dukiya ce dabam wadda a ke iya sayarwa sau dubu ba.

Gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ya kafa, ta ba babban gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok kyautar ayyuka 57 cikin 2014, a cikinsu har da bargunan Gee's Bend. Arnett ya rasu a 2020. Cikin 2021 aka taimaki waɗansu daga cikin matan suka buɗe shagunan kansu a dandalin Etsy na intanet, inda mai ɗinki ke yanka wa bargonta farashi da kanta, mai saye kuma ya biya ta kai tsaye, sunanta yana rubuce a jikin aikin.