Gonar da Gara Ke Nomawa a Cikin Suri

Idan ruwan farkon damina ya sauka sosai, shinge kan tashi da magariba ya yi ta kewaya fitila, yara su girke kwanon ruwa su tara na suya. Bayan wasu makonni sai a ga naman kaza ya faso ƙasa a gefen wani suri ko a tsakar fako, fari ko ruwan toka, da ɗan tsini a tsakar kansa. Duk wanda ya taɓa tonon irinsa a hankali ya san jijiyarsa ba ta ƙarewa nan kusa. Tana zurawa ƙasa, kamu ɗaya, kamu biyu, har ta tsinke a hannu. Cikin gidan gara ta nufa, domin a can aka shuka shi.

Ba kowace gara ke wannan noma ba. Masu yinsa sun kai iri 330, a Afirka da kudancin Asiya ake samunsu, kuma manyan garar da ke gina dogayen suri a dazukanmu suna cikinsu. Abin da ya kai su ga noma shi ne taurin abinci. Busasshen itace da karan dawa da ciyawar rani cike suke da wani sinadari, liginin, wanda ke sa itace ƙarfi, kuma cikin waɗannan gara ba ya iya narkar da shi shi kaɗai. Fumfuna kuwa tana iyawa. Sai suka riƙe wata fumfuna guda a gida, wadda masanin Faransa Roger Heim ya raɗa wa suna Termitomyces a 1942.

Manyan ma'aikata su ke fita ta ƙarƙashin ƙasa su ɗebo kara da itace. A gida sai matasan ma'aikata su haɗiye wannan kaya tare da wasu fararen ƙwayoyi da fumfunar ke fitarwa, waɗanda ke ɗauke da irinta. Abincin ba ya daɗewa a cikinsu. Yana fita kusan yadda ya shiga, sai dai ya niƙu, ya jiƙu, ya cuɗanya da iri. Da wannan kashi suke gina wani dunƙule mai huji-huji kamar soso, a ɗakunan da ke kewaye da na sarauniya. Fumfuna ta baza farin zarenta a cikin dunƙulen, ta yi ta cin taurin itacen har ya yi laushi. Sabon kaya a sama ake ɗora shi, tsohon da ya nuna kuma ta ƙasa tsofaffin ma'aikata ke cinye shi. Haka gonar ke juyawa ba rani ba damina, ana shuka a sama ana girbi a ƙasa.

Har shema suna yi. Akwai wata fumfuna ta daban da ke kwance cikin dunƙulen tana jiran hali. Muddin gara na nan tana lasa tana tsincewa, ba ta tsira. Ranar da aka fasa suri ko gara ta mutu, kwana kaɗan ta rufe gonar duka.

Shi kansa surin saboda gonar aka gina shi. Wannan fumfuna tana son ɗumi wajen digiri 30 da laima, ga shi dajinmu rana ta ƙona, daren hunturu ya yi sanyi. Katangar yumɓu tana tare zafin rana, tana riƙe ɗumin da gara da fumfuna ke fitarwa, tana kuma barin iskar numfashinsu ta fice ta ƙananan kafofin da ido ba ya gani. Judith Korb, wadda ta yi shekaru tana nazarin gara a gandun dajin Komowe na Kodibuwa, ta nuna cewa gara iri ɗaya, Macrotermes bellicosus, tana gina dogon suri mai fiffike da siririyar katanga a sarari inda rana take, amma a inuwar kurmi sai ta gina dunƙulalle mai kauri don kada ɗumi ya tsere.

To ina sabon gida ke samun iri? Shinge shi ne ango da amarya. Idan suka sauka sai su karkaɗe fukafukansu, namiji ya bi mace, su haƙa ɗan rami su rufe kansu. Yawancinsu hannu biyu suke shiga, ba iri. Sai 'ya'yansu na farko sun fara fita kiwo suke kwaso ƙurar iri tare da ciyawa. Wannan ƙura daga ƙarƙashin hular naman kazan da fumfunar ke fitarwa take zubowa, iska ta baza ta. Shi ya sa naman kazan ke fitowa bayan tashin shinge, daidai lokacin da sababbin gidaje ke neman abin shukawa. Tsinin kansa ma da shi yake huda taurin ƙasa ya fito.

Amma Macrotermes bellicosus ta bi wata hanya. A wurinta namijin shinge ne ke cin fumfuna kafin ya tashi, ya tafi da irin a cikinsa. Gidan da ya gaji iri daga uba ba ya buƙatar na iska, kuma ba a san fumfunarsa da fitar da naman kaza ba. Wannan na cikin dalilan da za a ga ƙaton suri shekara da shekaru bai taɓa ba da ko ɗaya ba, wani ɓoyayyen gida a ƙarƙashin fako kuwa yana bayarwa duk damina.

Noman ya tsufa. A hamadar Jurab ta Chadi an tono irin waɗannan dunƙule da suka zama dutse, masu shekara wajen miliyan 7, a Tanzaniya kuma an sami masu miliyan 25. Ɗan Adam bai fi shekara dubu 12 da fara noma ba.

Ba na raina ɓarnar gara. Wanda ta cinye masa azara ko ta shiga rumbunsa yana da hujjar fushi, kuma kare gida da hatsi wajibi ne. Abin da ba na so shi ne a bi surin daji ana ɗura masa guba don kawai an gan shi. Binciken da Mark Collins ya yi a dajin Mokwa, wanda aka buga a 1981, ya gano gara ke kwashe kimanin kashi 60 cikin 100 na busasshen itacen da ke faɗuwa a shekara. A ƙasar da ke shafe wata shida ko fiye ba ruwa, babu mai ruɓar da shi kamarta, tun da ita ta ɓoye damina a cikin gidanta. Manoman Illela a jihar Tawa sun san amfaninta: ramukan tassa da suke zuba wa taki suna janyo gara, ita kuma ta huda ƙeƙasasshen fako ruwa ya sami hanyar shiga.

Har yau ba a iya noma wannan naman kaza don kasuwa ba, saboda ba ya yi sai da gara. Daga daji ake tsinko shi, daga ƙanana har wanda ake samu a Zambiya mai hula kusan faɗin mita ɗaya. Masu tsinka kan dubi tsini da doguwar jijiya, amma waɗannan ba su isa hujja ga baƙon hannu ba, domin a gefen suri ma mai dafi yana iya tsirowa. Ganin ƙwari sun ci shi ba shaida ba ne, dafuwa kuma ba ta kashe mafi munin dafin. Irin wannan yakan yi awa 6 zuwa 24 kafin amai da gudawa su fara, a lokacin ya riga ya kama hanta. Wanda ya ci naman kazan da bai sani ba, a garzaya da shi asibiti tun bai ji komai ba, a tafi da ragowar abin da ya ci.