Buhu na Gaskiya, Siminti na Jabu

Magidancin da ya taso daga Bakura ko Maradun zuwa kasuwar Talata Mafara neman siminti, kwano ko fenti, ba kasafai yake tsayawa karanta rubutun bokon da ke jikin kaya ba. Launi yake dubawa, da zane. A nan masu jabu suke samun ƙofa, kuma a nan ne doka ta fi rauni.

Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965 abin da aka yi wa rajista a Abuja kawai take karewa, shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A 2004 Kotun Ƙoli ta nuna iyakar wannan kariya a shari'ar kamfanonin Ferodo da Ibeto. Ferodo ya yi ƙorafin an kwaikwayi kwalin birkinsa mai ja da baƙi da fari. Kotu ta ce sunan ne tambarinsa, adon kwali ba ya ciki, shi kuwa Ibeto da sunan Union yake sayar da nasa. A kan birkin mota aka yi ta, amma hukuncin ya shafi buhun siminti da gwangwanin fenti. A ganina wannan hukunci ya fi dacewa da mai saye mai karatu, wanda ido ne jagoransa an bar shi da Allah.

Akwai kuma dabarar masu jabu da ta fi kwaikwayon launi da zane muni: a samo buhun Dangote ko na BUA na ainihi, a farke, a rage ko a gauraya, a sake ɗinkewa, a sayar a matsayin kilo 50. Tambari sahihi, ciki ha'inci. Simintin Sakkwato, da ake yi a Kalambaina tun 1967 kuma yanzu yake hannun BUA, ya daɗe da samun amincewar magina a wannan yanki, to irin wannan amana ake ci.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 za ta iya kare zanen, hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma na da ikon ƙwace kaya marasa inganci. Sai dai ƙarar tambari Babbar Kotun Tarayya ake kai wa, mafi kusa tana Gusau, kuma mai tambari ne ke shigar da ita. Wanda bulonsa ya ruguje a damina, galibi birkila yake fara zargi.