Daga Gidan Haruna Zuwa Ƙauyukan Rano da Kibiya

Yau shirin namu zai leƙa ƙasar Rano da Kibiya, inda ake samun ƙauyukan Hausawa Kirista, jikokin Maguzawa, a tsakanin 'yan'uwansu Musulmi. Za mu duba wanda ke jagorantar sujadarsu, da inda aikin nasa ya samo asali.

A wajen Bani Isra'ila, firist gado ne. Attaura ta keɓe kabilar Lawi don hidimar ɗakin ibada, a cikinta kuma zuriyar Annabi Haruna kaɗai ke miƙa hadaya a kan bagade. Komai ilimin mutum, in ba ɗan gidan ba ne, sai dai ya tsaya daga waje. Babban firist ma sau ɗaya tak a shekara yake shiga Wuri Mafi Tsarki, a Ranar Kafara, riƙe da jinin hadaya domin zunubinsa da na jama'a.

Aikin bai tsaya ga yanka da ƙona turare ba. Firist ke koyar da shari'a, shi ke duba mai ciwon fata ya ce kuturta ce ko ba ita ba, ya koma cikin mutane ko ya keɓe. Da aka raba ƙasar Kan'ana ba a ba Lawiyawa yanki ba, sai garuruwa 48 a warwatse. Cinsu da shansu na kan zakkar manoma, kashi ɗaya cikin goma. Ranar da manomi ya riƙe hannu, gidan firist ya kwana da yunwa. Haka aka yi a zamanin Nehemiya, har Lawiyawa suka watsar da Haikali suka koma gonakinsu.

A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa suka rushe Haikalin Urushalima, hadayar dabbobi ta tsaya. Kirista kuwa sun riƙe koyarwar Wasiƙa ga Ibraniyawa, cewa Yesu Almasihu ne babban firist, hadayarsa kuma ta wadatar. Daga nan hanya ta rabu. Katolika suna naɗa Fada, wanda ba ya aure, shi ke yin Mas da sauraron iƙirarin zunubi. Martin Luther kuwa ya tsaya a 1520 kan cewa kowane mai bi firist ne, shi ya sa a majami'ar ECWA za ka ji Fasto da Rabaran da dattawan ikilisiya. Angalika na da firistoci, amma suna aure.

To, ƙasar Kano ba baƙuwar mai tsayawa tsakanin mutane da abin bauta ba ce. Tarihin Kano ya ba da labarin irin wannan mutum, Barbushe, a Dala. A gidan Bamaguje, maigida ke yi wa iskoki yanka a madadin iyalinsa. Wani abin lura, masu sauraro: kuturtar nan da firist ke dubawa, ita ce ta buɗe wa mishan ɗin SIM ƙofar masarautar Kano a shekarun 1930, ta asibitin kutare na Yadakunya.

A yau akwai Diyosis ɗin Katolika na Kano, wanda ya samu cikakken matsayi a 1999. Sai dai Fada ɗaya kan riƙe majami'u da dama, don haka a ƙauye ba kowace Lahadi ake ganinsa ba. A nawa ganin, wanda ya fi ɗaukar nauyin nan shi ne katikis ko mai bishara. Shi ke karatu da wa'azi, shi ake tasowa da tsakar dare in wani ya rasu, shi ke sasanta miji da mata. Bai gaji kowa ba, ɗan manomi ne da ya je makarantar Littafi Mai Tsarki. Da damina za ka same shi a gona da fartanya, da kaka kuma jama'a su kawo baikon godiya, damin dawa da tiyar masara, wani ma ya riƙo zakara.

Mako mai zuwa za mu tattauna kan zumuntar mata a waɗannan majami'u. A huta lafiya.